Mutumin da ke tsakiya: daga masu tangaraho zuwa masu POS

A 1834 wasu 'yan'uwa biyu a garin Bordo na Faransa, François da Joseph Blanc, suka gano wata hanyar cin kuɗi wadda ko doka ba ta san da ita ba a lokacin. Sana'arsu saye da sayar da takardun bashin gwamnati ne, farashi kuma a Faris ake yanke shi, labarin hawa ko saukarsa sai ya yi kwanaki a keken doki kafin ya iso Bordo, duk wanda ya riga kowa ji to ya gama da kasuwa. Gwamnati kuwa tana da hanyar aika saƙo mai sauri wadda Claude Chappe ya ƙirƙira, tun 1794 aka buɗe layin farko daga Faris zuwa Lille. Ba lantarki ba waya, hasumiyoyi ne aka jera a kan tuddai kowacce tana hango ta gabanta, a saman kowacce akwai wasu hannuwa na katako da ake lanƙwasawa, ma'aikaci ya leƙa da madubin hangen nesa ya ga yanda na bayansa ya karkata nasa shi ma ya kwaikwaya, na gaba ya ɗauka, haka haka har saƙo ya kai. Tashoshin sai da suka haura 500 a faɗin ƙasar. Amma abun na gwamnati ne zalla, ɗan kasuwa bai isa ya taɓa ba.

To me su Blanc suka yi? Ba su fasa hasumiya ba, ba su saci littafin sirri ba. Mutum suka saya. Suka samu ma'aikacin tashar garin Tur, wato tsakiyar hanya, suka shirya da shi cewa in an kawo masa labarin kasuwa daga Faris sai ya cusa wata alama ta ƙarya a cikin saƙon gwamnati, nan take kuma ya bi ta da alamar “kuskure ne a goge”. Wanda zai rubuta saƙon a ƙarshen layi ba zai ga komai ba tunda an ce a goge, amma kuskuren da gogewar duk sai sun bi hasumiyoyi har Bordo, a can kuma wani nasu yana laɓe da madubinsa yana karantawa. Shekara biyu suna wannan harka, sai a 1836 asiri ya tonu lokacin da wani ma'aikacin Tur da ke cikin shirin ya kwanta rashin lafiya ya faɗa wa wani abokinsa. Aka kai su kotu aka rasa dokar da za a kama su da ita, sai a 1837 Faransa ta yi doka kan aika saƙo ba da izini ba. François ɗin ma shi ne daga baya ya riƙe gidan cacan Monte Carlo, kun ga hali dai ba ya ɓuya.

Abun da yasa na fara da wannan labarin shi ne, in ana ba da tarihin na'urori kullum sunan mai ƙirƙira ake kira, Morse, Bell, Marconi, sai ka ɗauka na'urar da kanta take aiki. Alhali tun daga hasumiyar Chappe har zuwa yau akwai wani mutum da yake zaune a tsakiya, tsakanin mai aikawa da mai karɓa, albashinsa ba yawa, sunansa ba ya shiga littafi, amma sirrin mutane ta hannunsa yake wucewa kuma shi yake zaɓar saƙon da zai fara tafiya da wanda zai jira. Kamar dillali ne a kasuwar shanu, ba shi da saniya ba shi da kuɗin saye amma ciniki ba ya faɗawa sai da shi. A ganina kusan duk tarihin sadarwa na shekara 200 ɗin nan kokawa ce a kan wannan mutumin, masu kamfani da gwamnati suna buƙatarsa kuma suna tsoronsa, shiyasa kullum suke neman yanda za su rage abun da ya sani, su rage abun da zai iya yankewa da kansa, in ta yiwu ma su cire shi gaba ɗaya. Ko a tsarin Chappe ma an yi wannan tunanin, ma'aikatan hasumiya ba su san ma'anar alamomin da suke kwaikwaya ba, manyan daraktoci ne kaɗai ke da littafin fassara. Duk da haka aka samu ɓaraka.

Da tangaraho na lantarki ya zo abun ya ɗan juya wa masu kamfani. Samuel Morse ya aika saƙonsa na farko daga Washinton zuwa Baltimore ranar 24 ga Mayu 1844, kuma yanda aka tsara injin da farko shi ne ya riƙa buga ɗigo da ja a kan doguwar takarda, ma'aikaci ya ɗauka ya duba ya fassara. Ba a jima ba ma'aikatan suka gane ai ba sai sun kalli takarda ba, ƙarar da injin yake yi kaɗai ta ishe su, suna ji suna rubutawa. Da farko wasu kamfanoni hana su suka yi, daga baya da suka ga ya fi sauri sai suka watsar da takardar suka koma ga kunne. Wato gwanintar ta tashi daga cikin inji ta koma cikin kan mutum, kuma abun da ke kan mutum ba ka iya kulle shi a ofis in an tashi aiki. Ƙwararren mai buga tangaraho ya zama ɗan gata, yau yana wannan gari gobe ya ɗau jakarsa ya tafi wancan, ko'ina za a ɗauke shi. Thomas Edison haka ya yi yawo yana saurayi yana buga tangaraho gari-gari, Andrew Carnegie kuwa da ya zama attajirin ƙarfe a Amurka daga ɗan aiken ofishin tangaraho ya fara a Pittsburgh, ya koyi karanta saƙo da kunne, daga nan ya samu shiga kamfanin jirgin ƙasa. Har gane junansu suke yi ta salon bugu, kowa da irin hannunsa, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba yana jin bugunka zai ce wane ne. Wannan ya yi amfani har a yaƙin duniya na biyu, masu sauraren rediyo na Ingila suna bin wani ma'aikacin Jamus ta salon hannunsa, in ya koma wani wuri sai su san rundunarsa ta tashi, ko da kuwa ba su iya fassara abun da yake aikawa ba.

Wajen tarho ne labarin ya fi daɗi kuma nan zan fi daɗewa. Bell ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1876, amma tarho biyu da waya ɗaya a tsakani ba wani amfani ne da su ba, sai an samu wurin da duk layuka za su haɗu a riƙa jona wannan da wancan. Cibiyar farko ta kasuwanci an buɗe ta a New Haven a Janairun 1878 da masu layi 21 kacal. Ka ɗaga waya, wani ya amsa a cibiya, ka faɗa masa wanda kake nema, ya ɗau igiya ya soka a ramin layinka ya soka ɗaya bakin a ramin wancan, shikenan an haɗa ku. Waɗanda aka fara ɗauka aikin samari ne 'yan shekara goma sha, yawanci tsofaffin 'yan aiken tangaraho, kuma wallahi sun ba masu kamfani ciwon kai, zagi, tsokana, kokawa a cikin ofis, su haɗa ka da wanda ba shi ka nema ba don kawai su yi dariya. A tangaraho ba wanda ya damu da halinsu tunda ba sa magana da kwastoma, a tarho kuwa muryarsu ita ce fuskar kamfani. Ranar 1 ga Satumba 1878 wani kamfani a Boston ya ɗauki Emma Nutt, mace ta farko a wannan aiki, 'yar'uwarta Stella ta biyo ta a ranar, Emma ta yi shekara 33 tana yi. Cikin 'yan shekaru aikin ya zama na mata kusan gaba ɗaya.

Ana yawan cewa wai saboda ladabi da taushin murya ne, gaskiya ne amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin kuɗi ne da iko. Mace a lokacin ana biyanta ƙasa da namiji sosai, ayyukan da aka yarda 'yar mutunci ta yi ba su da yawa don haka ba ta da wurin gudu, kuma yawanci 'yan mata marasa aure ake ɗauka, in ta yi aure ta tafi a kawo sabuwa, ba a tara tsofaffin ma'aikata masu neman ƙari. Sannan aka kafa musu doka kamar barikin soja, yanda za ki zauna, kalmomin da za ki faɗa an rubuta su ba ƙari ba ragi, daƙiƙa nawa za ki ɗauka kafin ki amsa, mai sa ido tana tsaye a bayanki wata kuma tana sauraren layinki ba ki sani ba. Har tsawon hannu ake dubawa kafin a ɗauke ki saboda ki iya kaiwa ramukan sama. Baƙar fata kuwa kamfanin Bell bai fara ɗaukarsu wannan aiki ba sai a shekarun 1940.

Lambar waya ma da muke haddacewa daga tsoron rasa waɗannan ma'aikata ta samo asali. A 1879 cutar ƙyanda ta ɓarke a garin Lowell na jihar Massachusetts, masu haɗa layi huɗu ne a garin kuma da suna suka san kowa, sun haddace ramin kowane mai layi cikin kusan 200. Wani likita mai suna Moses Greeley Parker ya ce to yanzu in su huɗun suka kwanta fa? Wanda za a kawo ai bai san ramin kowa ba, gari ya tsaya kenan. Ya ba da shawara a ba kowane layi lamba, yanda ko baƙo aka zaunar zai iya aiki. Kamfani ya ji tsoro kar manyan mutane su ji haushi an mai da su lamba, amma aka gwada aka ga ya yi. Dabara ce mai kyau ba musu, sai dai ku lura da abun da ta yi, ta kwashe ilimin da ke kan ma'aikaciya ta zuba a takarda, daga ranar ana iya maye gurbinta da kowa.

A ƙananan garuruwa kam mai haɗa waya ta fi ƙarfin lamba. Ita ta san inda likita ya tafi, ita ake kira in gobara ta tashi, ita za ta ce maka kar ka wahala wane ba ya gida ya tafi gona, kuma in ta ga dama ta saurari hirarku tsaf. Daga nan ne Almon Strowger ya fito. Mutumin nan sana'arsa shirya gawa da binnewa a Kansas City, labarin da ake bayarwa shi ne ya ga ciniki yana raguwa, ya zargi mai haɗa waya da cewa tana da alaƙa da abokin hamayyarsa, in an yi rasuwa an kira a ba da Strowger sai ta jona wa wancan. Haushi ya sa ya zauna ya ƙirƙiro injin da zai haɗa layi ba tare da mutum ba, ya samu takardar mallaka a 1891, a 1892 aka kafa cibiya ta farko mai aiki da kanta a La Porte ta jihar Indiyana.

To ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa. In inji ya samu tun 1892, me yasa masu haɗa waya suka ci gaba da ƙaruwa har wajen 1950, lokacin da suka haura 300,000 a Amurka kaɗai? Mutane suna ɗauka da an ƙirƙiro inji washegari ake korar ma'aikata, ba haka abun yake ba. Na farko injin yana da tsada kuma yana lalacewa, 'yan mata kuwa suna da arha. Na biyu kamfanin Bell yana ganin kwastoma ba zai yarda ya riƙa juya lamba da kansa ba, ya saba a yi masa. Abun da ya karya wannan lissafin girman birane ne. Ku duba, mutum 10 hanyoyin haɗa biyu-biyu a cikinsu 45 ne, mutum 100 kuwa 4,950, in suka kai 1,000 ya zama 499,500, wato aikin haɗawa yana gudu fiye da yawan masu layi, kira ɗaya a babban birni sai ya bi ta hannun mata biyu ko fiye daga wannan cibiya zuwa waccan, hannun mutum kuma yana da iyakar inda zai kai a jikin allo. A yawancin sana'o'i in kwastoma sun ƙaru kuɗin yi wa kowane ɗaya hidima raguwa yake, a tarho ƙaruwa yake yi. Sai yaƙin duniya na farko ya zo albashi ya tashi, ma'aikata suka yi wuya. Sannan a Afrilun 1919 masu haɗa waya kusan 8,000 a yankin New England suka tafi yajin aiki ƙarƙashin Julia O'Connor, lokacin gwamnati ce ke riƙe da layukan saboda yaƙi, waya ta mutu a yankin kusan mako guda, dole aka zauna da su aka ƙara musu kuɗi. A wannan shekarar ce Bell ya fara sa injin juya lamba a cibiyoyinsa. Ba zan ce yajin ne kaɗai sanadi ba tunda shirin ya riga shi, amma duk mai kamfanin da ya ga 'yan mata sun kashe masa yanki guda cikin kwana ɗaya ai ba sai an yi masa wa'azi ba. Duk da haka canjin a hankali ya tafi, gari bayan gari, Bell bai gama ba sai 1978, wani ƙauye kuma mai suna Bryant Pond a jihar Maine sai 1983 ya rabu da wayar da ake murɗawa da hannu.

Wasu masana tattalin arziki biyu, James Feigenbaum da Daniel Gross, sun bi bayanan ƙidayar Amurka na tsakanin 1920 da 1940 don su ga me ya faru da matan a garuruwan da aka sa inji. Abun da suka samu kashi biyu ne kuma duk wanda ke surutun AI yau ya kamata ya riƙe su duka biyun. 'Yan matan da suka taso daga baya ba su rasa aiki ba, sun shiga buga tafireta da sakatariya da aikin gidajen abinci. Amma waɗanda inji ya tarar a kan kujera su suka sha wuya, bayan shekara goma da yawansu ko dai suna aikin da bai kai na da albashi ba ko sun bar aiki gaba ɗaya. Wato in an ce “tattalin arziki ya daidaita” gaskiya ne, sai dai ba a kan mutanen da aka kora ya daidaita ba, ƙannensu ne suka ci moriya.

Akwai kuma ɓangaren rai da mutuwa, inda tambayar ita ce wai shi ma'aikacin wa yake yi wa aiki. Jack Phillips da Harold Bride, masu rediyon jirgin Titanic, horon kamfanin Marconi ne da kayan Marconi, kuma abun da ke kawo kuɗi shi ne saƙonnin fasinjoji masu hali, gaisuwa da harkar kasuwanci. Injinsu ya lalace kwana ɗaya kafin hatsarin, suka kwana gyara, saƙonni suka taru. Daren 14 ga Afrilu 1912 Phillips yana ta fama ya rage tulin ta tashar rediyon Cape Race da ke bakin teku, gargaɗin ƙanƙara daga jirgin Mesaba ya shigo bai kai ga matuƙa ba, can kuma Cyril Evans na jirgin Californian da ke kusa ya shigo yana cewa ƙanƙara ta tsayar da su, Phillips ya daka masa tsawa ya yi shiru yana aiki. Evans shi kaɗai ne mai rediyo a jirginsu, ya gaji, ya kashe inji ya kwanta, mintoci kaɗan bayan nan Titanic ya daki dutsen ƙanƙara. Wanda ya ji kiran neman agaji Harold Cottam ne na Carpathia, shi ma shirin kwanciya yake sa'a ce ta sa bai cire abun kunne ba, jirginsu ya taho daga nisan mil 58 ya kwashi mutum 700 da 'yan kai, sama da 1,500 suka mutu har da Phillips wanda ya tsaya yana bugawa kusan har ƙarshe. Ni ban ga laifin Evans ba, mutum ɗaya ba zai yi awa 24 a farke ba, kuma Phillips abun da aka ɗauke shi ya yi shi yake yi. Tsarin ne ya sa gaisuwar attajiri a gaban gargaɗin ƙanƙara, shiyasa gyaran da aka yi bayan nan na doka ne, a samu mai saurare dare da rana a manyan jirage kuma kiran agaji ya riga komai. Shekara biyar bayan haka a Halifaks ta Kanada, ranar 6 ga Disamba 1917, jirgin Mont-Blanc mai ɗauke da kayan fashewa ya kama wuta a tashar ruwa, Vince Coleman mai kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa ya ji labari, yana iya gudu amma ya koma kan tangarahonsa ya aika a tsayar da jirgin fasinja da ke tafe. Fashewar ta kashe shi tare da mutum kusan 2,000, saƙonsa kuma ya bi tashoshi ya sanar da na waje abun da ke faruwa.

Sakayyar da ake musu fa? A ƙarshen 1917 Janar Pershing, kwamandan sojan Amurka a yaƙin duniya na farko, ya nemi a kawo masa mata masu jin Turanci da Faransanci su riƙe layukan sojan Amurka a Faransa, saboda sojoji maza ba su da saurinsu. Mata 223 suka je, suka sa kaki, wasu suka yi aiki kusa da fagen daga, shugabarsu Grace Banker har lambar yabo ta samu. Da suka dawo aka ce ai ku farar hula ne 'yan kwangila, ba ku da haƙƙin tsohon soja. Sai 1977 aka yi dokar da ta amince da su, lokacin yawancinsu sun rasu.

Mu a nan waya da mulkin mallaka ta shigo. An haɗa Legas da Landan da wayar ƙarƙashin teku a 1886, da Turawa suka nufo Arewa kuma suna tafe suna jan wayar tangaraho, Lokoja, Jebba, Zungeru, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ita ma tana gefen dogo. Ba don talaka ya gaisa da ɗan'uwansa aka ja ta ba, don Razdan ya ji daga Gwamna ne, tashar jirgi kuma ta san abun da ke tafe. Waɗanda suka fara zama a kan injinan a Arewa yawancinsu ba 'yan ƙasa ba ne, akawuna ne daga Legas da Saliyo da Gana ta yanzu, tunda su suka riga samun boko, kuma wannan yana cikin abun da ya cika Sabon Gari da ma'aikatan gidan waya da na reluwe. Su ma sun gane ƙarfin kujerarsu, a babban yajin aikin 1945 da Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa ma'aikatan gidan waya suna tare da na jirgin ƙasa, aka yi sama da wata guda gwamnatin Turawa tana lalube. Sojojin juyin mulki ma sun san wannan karatun, shiyasa gidan rediyo da cibiyar tarho suke cikin wuraren farko da ake kamawa, Dimka a 13 ga Fabrairu 1976 gidan rediyon Ikoyi ya nufa.

Lokacin samun 'yanci a 1960 layukan tarho a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 19,000 ba, aka kafa NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a 1985, amma har 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. A irin wannan ƙarancin mutumin tsakiya sarki ne. Kiran nesa sai ka yi bukin ka zauna jira, in ɗan'uwanka yana Makka ko Landan sai an yi alƙawarin rana da lokaci a gidan wani mai waya a unguwa, a aiko yaro ya kira ka da gudu. Da GSM ya zo a Agustan 2001 sai aka ɗauka shikenan, ashe wani sabon mutumin tsakiya za a haifa, saboda layi kaɗai yana kai naira 20,000 kira kuma naira 50 a minti, don haka sai ga lema da tebur da kujerar roba a kowace kwana, yarinya ko saurayi riƙe da Nokia da agogo, ka yi kira a ƙirga maka minti, kuma duk abun da za ka faɗa wa budurwarka ko wanda kake bi bashi a kunnensa za ka faɗa. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashin layi ya faɗo, wayoyin Chana masu arha suka cika kasuwa, cikin 'yan shekaru sana'ar ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Wasunsu suka koma sayar da kati, sai sayen kati ta banki da manhaja ya zo ya cinye wannan ma, wasu suka koma cajin waya da tura waƙa da fim.

Yanzu lemar tana nan, teburin yana nan, abun da ke kai ne ya zama POS. Kuma duk abun da aka gani a wancan tarihin yana tattare da mai POS, yana ganin katinka, wani lokacin tsoho ko tsohuwa su miƙa masa su faɗa masa lambar sirri ya danna musu, ya san wanda aka turo wa kuɗi daga Kudu da wanda asusunsa ya bushe. Mafi yawansu amana suke riƙewa, kaɗan kuma su ne ake jin labarinsu a ofishin 'yan sanda. Ƙarfinsu ya fito fili a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace suka zama su ne banki, caji ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suna zaginsu suna kuma bin layinsu. Martanin hukuma ma irin na da ne, a 2024 aka ce kowane mai POS ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, Babban Banki kuma yana ta sa iyaka kan abun da za su iya fitarwa a rana. Abun da zai rage su ba dokar ba ce, mai shayi da mai nama da ɗan adaidaita da suka fara manna lambar asusunsu a jikin teburi suna cewa a yi taransifa ne, kowane ɗaya da ya yi haka ya cire mai POS daga cinikinsa kuma ya ɗora wa kwastoma aikin dannawa da jiran alat. A birni wannan ya riga ya yi nisa. A kasuwannin ƙauye inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa, dillalan hatsi da na dabbobi kuma ba sa karɓar komai sai tsabar kuɗi, mai POS yana da sauran shekaru a gaba.